Ginin ƙasa ko na bulo? Tambaya daga Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, shekara tara ina haya a Karkada, kuɗin haya kuwa kullum hawa yake. Na samu fili a bayan gari. Magini ya ce in yi na bulo, Babana ya ce in yi na ƙasa. Tun da damanar 2024 ta kayar da gidaje har da tsohon masallacin unguwar Birni, gabana faɗuwa yake. Ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai bi ya mallaki gida a garin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In ka bi ta tawa, maganar Baba ta fi, amma da sharaɗi.

Buhun siminti kafin ya iso Damagaram ya sha hanya, ko daga Malbaza a jihar Tawa ko daga Najeriya, kuma kuɗin motar duk a kanka yake ƙarewa. Haka ƙarfe. Ƙasa kuwa tana nan a kusa, amalanke ke kawo ta. Sannan ka shiga ɗakin bulo mai rufin kwano da azahar a watan Afrilu, ka fito ka shiga wani zaure a Birni, jikinka zai ba ka labari. Bango mai kaurin santimita 40 yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa sai dare. Wannan sauƙi ne da za ka gani a takardar kuɗin wuta ta NIGELEC.

Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa: gindi da kai. Ruwa ya kwanta a gindin bango, tubali ya jiƙe ya zama kunu, bangon ya zauna. Ko indararo ya toshe, ruwa ya taru bisa soro, ya sami tsaga ya shiga. Allah ya hore mana dutse a garin nan, sai a yi tushe da shi da siminti, a ɗaga shi kamar rabin mita sama da ƙasa kafin a ɗora tubalin farko. Indararo ya zama dogo, ya watsa ruwa nesa da bango, a kuma hau a duba shi kafin ruwan fari. Wani abin da nake yawan faɗa da magina a kansa shi ne shafa siminti kai tsaye bisa bangon ƙasa. Ba sa kama juna. Ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji yana ƙara kamar ƙwarya, ruwa na bi ta baya yana ci ba a gani. Yaɓen makuba na mutanen da ya fi shi, illa dai yana son sabuntawa.

Rufi ne ke cin kuɗi, don azara ta yi tsada tun da giginya ta yi ƙaranci. Akwai gini marar katako, wanda ake rufe ɗaki da tubali zalla a siffar ƙubba, an fara shi a Nijar a ƙauyen Cikal tun 1980. Sai dai ka nemi maginin da ya koye shi, ka je ka ga ɗakin da ya yi wanda ya ci damana. Akwai kuma tubalin da inji ke matsewa da ɗan siminti kaɗan. Da shi aka gina rukunin gidaje shida mai suna Niamey 2000 a Yamai a 2016, wanda ƴar Nijar mai zanen gine-gine Mariam Kamara na cikin masu zanensa.

Amma Malam, tsadar gida ba a bango kaɗai take ba. Garin da ƙidayar 2012 ta same shi da mutum fiye da dubu 200, ga jami'a, ga matatar mai ta SORAZ tun 2011, sai faɗi yake, ana yanka filaye masu murabba'in mita 400 ko 600 can nesa. Ka san halin Damagaram da ruwa: bisa dutse take zaune, daga Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram ake jawo shi. Filin da famfo bai kai ba, rarar da ka samu ƴan garuwa da kabu-kabu za su cinye ta. A ganina da meri, wato hukumar magajin gari, za ta riƙa yanka ƙananan filaye masu murabba'in mita 200, ta ja famfo da magudanar ruwa tun kafin a sayar, da malamai irinka da yawa sun bar haya.

Kafin ka zuba ko amalanke ɗaya, ka tabbatar takardar filin ta meri ce. Ka je wurin a watan Agusta washegarin ruwa mai ƙarfi; in ka ga ya kwanta har la'asar, ko filin na bakin tsohon kududdufi, ka haƙura da ginin ƙasa a nan. In kuwa tudu ne, yi ciki da falo da ban-ɗaki da katanga, ka tare. Kuɗin hayar da ka daina biya ka zuba shi adashe, kwasar farko a buga tubalin ɗaki na uku da rani.