Zan sake rubuta LSAT: in tura takarduna yanzu ko in jira sabon maki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digirina na farko a Najeriya, yanzu ina zaune a Amurka, kuma ina son shiga makarantar koyon aikin lauya in yi JD, wato digirin zama lauya na Amurka. Na rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya, a watan Agusta na sami 158, alhali a gwajin da nake yi a gida nakan sami 163 zuwa 165. Na yi rajistar sake rubutawa a Nuwamba. Wasu na ce mini in tura takarduna tun Satumba kada gurabe su ƙare, wasu kuma na cewa in dakata. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. In dai da gaske 163 zuwa 165 ne abin da kike samu a gwaji, ki jira makin Nuwamba kafin manyan makarantun da kike buri su yanke hukunci a kanki. Amma ki yi jiran kina aiki, yadda ranar da maki ya fito babu abin da ya rage sai turawa.

Masu ce miki ki yi sauri suna da hujjarsu. Yawancin makarantun lauya a Amurka ba sa jiran ranar rufewa kafin su fara duba takardu. Sukan buɗe ƙofa wajen Satumba, suna karantawa suna ba da gurbi a hankali har zuwa bazara, kamar motar haya a tasha, wanda ya riga zuwa shi ke samun kujera. Kuɗin tallafin karatu ma haka yake raguwa. Sai dai mutane na zuzuta bambancin da ke tsakanin Satumba da ƙarshen Nuwamba fiye da yadda yake. Wanda takardunsa suka kammala a farkon Disamba bai makara ba. Maki biyar kuwa a jarrabawar da ake aunawa daga 120 zuwa 180 ba ƙaramin abu ba ne.

Ga dalili. Kowace makarantar da ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta amince da ita tana wallafa makin tsakiya na ɗaliban da ta ɗauka, wato makin da ke tsakiyar layi in aka jera makinsu daga ƙasa zuwa sama, kuma darajarta a idon duniya na da alaƙa da wannan lamba. Ɗauki makarantar da makin tsakiyarta 162 ne. Da 158 kina ja mata lambar ƙasa, sai an sami wani dalili mai ƙarfi a ɗauke ki. Da 164 kina ɗaga ta sama, a nan ne ake fara maganar rage miki kuɗin makaranta. Tun 2006 ABA ta koma karɓar maki mafi girma na ɗalibi a rahoton makarantu, ba matsakaicin dukan zaman da ya yi ba, shi ya sa galibin makarantu ke dogara da mafi girman. Za su ga 158 ɗin a fayil ɗinki, amma ba shi zai yi miki hukunci ba.

Ke kuma lamarinki ya fi na ɗan Amurka dogara da wannan jarrabawa. Hukumar LSAC mai shirya ta ba ta fitar wa digirin ƙasar waje lambar GPA, wato matsakaicin makin digiri, irin ta Amurka. Ana tantance takardar sakamakon ne a ba ta ɗaya daga matakai huɗu, daga fitacce zuwa ƙasa da matsakaici. Ke nan LSAT ce lambar da za a iya jera ki da kowa da ita kai tsaye.

To ya za ki yi da watanni ukun nan? Ki raba makarantunki gida biyu. Inda 158 ya kai makin tsakiyarsu ko ya wuce, ki tura yanzu, babu abin jira. In sun ba ki gurbi, sannan maki mafi girma ya fito, kina iya rubuta musu cikin ladabi ki nemi su sake duba tallafin da suka ba ki. Inda kuwa 158 ke ƙasa da tsakiyarsu, a nan ake taka-tsantsan. Wasu makarantu da sun ga kin yi rajistar wata jarrabawa sai su ajiye fayil ɗin har maki ya fito. Wasu kuma za su karanta shi da abin da ke hannu, sai in ke kika roƙi a dakata. In suka ƙi ki a kan 158, ba kowace ce za ta sake buɗe fayil a wannan shekarar ba, ko da kin dawo da 166. Don haka kada ki yi zato. Ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowace makaranta gajeren imel: "Na yi rajistar LSAT ta Nuwamba. In na tura takarduna yanzu, za ku riƙe su har maki ya fito?" Ki adana amsar. Ki kuma sani cewa fayil ɗin da aka riƙe ba ya shiga layin karatu sai ya kammala, don haka turawa da wuri a irin wannan hali amfaninta shi ne a gano abin da ya ɓace tun da sauran lokaci.

Abin da ya fi damuna da ɗalibanmu ba ma jarrabawar ba ce, takardar sakamakon digiri ce. Dole jami'arki ta aika wa LSAC da kanta, a tsarinsu na tattara takardu da ake kira CAS, sannan a ɗauki lokaci ana tantancewa. Wanda ya taɓa bin wannan takarda daga ofis zuwa ofis ya san ba aikin mako ɗaya ba ne. Ki fara yau, ki sami wani amintacce a gida da zai riƙa bibiya. Haka wasiƙun shaida daga malamanki, ki nema tun yanzu. Kada kuma ki manta da ɓangaren rubutu na LSAT, wanda ake yi daban a kwamfuta. Wanda ba shi da karɓaɓɓen rubutu a fayil ba a sakar masa maki. Tunda kin ga makinki na Agusta, naki na nan.

Game da gwajin gida, ki gaya wa kanki gaskiya. Shin kina tsayawa a minti 35 na kowane sashe, ba tashi shan ruwa, ba duba waya? Shin sababbin tambayoyi ne a LawHub, dandalin gwaji na LSAC a intanet, ko waɗanda kika taɓa gani? Kuma tun Agustan 2024 an cire sashen wasannin dabaru, don haka gwajin da ya ƙunshe shi ba zai nuna miki matsayinki na yanzu ba. In gwaji biyar na ƙarshe sun tsaya sama da 162 a wannan sharaɗi, ki shiga da ƙarfin gwiwa. In suna yawo tsakanin 157 da 160, ba ki shirya ba, kuma zaman yana da iyaka: sau biyar cikin shekaru biyar ɗin da ake lissafin maki, sau bakwai a tsawon rayuwa. Ko makin da kika soke yana cikin ƙidaya.

In Nuwamba bai yi kyau ba fa? Akwai ta Janairu, makarantu da yawa na karɓarta, amma makin zai fito lokacin da an riga an raba gurabe da kuɗi masu yawa, kuma wasu manyan makarantu na dab da rufewa a Fabrairu. Ga mai buƙatar bizar ɗalibi kafin a fara karatu a Agusta, lokacin ya ƙara matsewa. A wannan hali ni shawarata ki yi tunanin ɗaga nema zuwa shekara mai zuwa: ki rubuta a Afrilu ko Yuni cikin natsuwa, ki tura a Satumba da komai a hannu. JD shekara uku ce mai tsadar gaske, kuma tallafin da aka yanka miki a farko shi ne yawanci za ki zauna da shi har ki gama.

Abu ɗaya zan so ki tabbatar: in digirinki na Najeriya na shari'a ne, wato LLB, ki fara duba hanyar LLM, wato digiri na biyu a shari'a, wadda shekara ɗaya ce kuma ba a neman LSAT a cikinta, sannan ki binciki ko jihar da kike son yin aiki tana barin mai LLM ya zauna jarrabawar zama lauya. Allah Ya ba da sa'a.