Shin mutane kan faɗi gaskiya idan an tambaye su ko suna farin ciki?

Malam, ka tambaya ko za a iya dogara da amsoshin da talakawa ke bayarwa a finafinan da ake tambayar jama'a game da farin ciki. A ganina amsar farko ba ta cika zama gaskiya ba, domin mutumin da aka tare a kan hanya, aka miƙa masa makirufo ba zato ba tsammani, yakan faɗi abin da zai rufa masa asiri ne, ko kuma ya kauce ya yi gaba abinsa.

Haka mai shirya finafinai Jean Rouch da masanin halayyar zamantakewa Edgar Morin suka tarar a birnin Faris a 1960, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa, sa'ad da suke ɗaukar fim ɗin Chronique d'un été wanda ya fito a 1961. Tambayar bakin titi ba ta fitar da wani abin kirki ba, sai da suka zauna da ma'aikata da ɗalibai a cikin gida ana hira a natse, sannan maganar gajiyar aiki da ƙarancin kuɗi da yaƙi ta fito fili. Matar da ta riƙe makirufon ma, Marceline Loridan, ta tsira ne daga Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka riƙa tsare Yahudawa suna kashe su, kuma lambar fursuna da aka zana mata a hannu a can ta faɗi abin da baki bai faɗa ba.

A ƙarshen fim ɗin an nuna wa mahalartan abin da aka ɗauka, sai gardama ta kaure a tsakaninsu: wasu aka zarge su da wasan kwaikwayo, wasu kuma da tona cikinsu fiye da kima.