Mararaba ko Kubwa ga mai aiki a Wuse?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu aiki a Wuse, ba ka da mota, kana tambaya ko ka kama haya a Mararaba saboda arha, ko ka ƙara kuɗi ka zauna Kubwa. Ni dai Kubwa zan ce maka, in aljihu zai ɗauka. Yadda aka tsara Abuja, ofisoshi na tsakiyar gari, mai ƙaramin ƙarfi kuma an tura shi gefe, shi ya sa da safe kowa fuska ɗaya yake kallo. Mutanen Masaka, Mararaba da Nyanya duk titin Keffi ɗaya suke hawa har mahaɗar AYA da ke bakin shiga cikin gari. Shekara biyu na yi a can, ina idar da sallar asuba sai bakin titi, in ba haka ba na makara. Ɗan rarar da na samu a haya, kuɗin mota ne ya cinye ta.

Amma Kubwar ma da sharaɗi: kar ka kama gidan da sai ka hau babur ko keke kafin ka fito babban titi, don wannan ɗan hawan, kullum sau biyu, shi ke karya lissafi. Kuma kar ka dogara da jirgin ƙasan da aka buɗe a 2018. Daga tashar Gbazango da ke Kubwa sai ya bi ta tashar Idu, in ka sauka a tashar cikin gari ma da sauran tafiya zuwa Wuse, ga shi tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni.