"Unfortunately" ko "unluckily": wanne zan rubuta wa kwastoma?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, a Kantin Kwari nake saro kaya. Ina da kwastomomi a Legas da Fatakwal da ba sa jin Hausa. Idan kalar da suka zaɓa ta ƙare, wata rana in rubuta "unluckily", wata rana "unfortunately". Ƙanina ya ce duk ɗaya ne. Haka ne? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. A ƙamus ƙanin naki na da gaskiya, a bakin mutane kuwa da sauran magana. Dukansu daga sa'a suka samo asali. "Fortune" ta fito ne daga Fortuna, gunkiyar sa'a ta mutanen Rum na da, ita kuma "luck" ta shiga Turanci a ƙarni na 15. Aka liƙa wa kowacce "un" a gaba don korewa. To amma "unfortunately" ta daɗe da barin zancen sa'a. Yau aikinta share fage ne kafin a faɗi abin da ba a son ji, kamar yadda ke za ki ce "ayya, sai dai a yi haƙuri" ko "sai dai kash". Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san ta: da ya hango ta a layi na biyu na wasiƙa, ba sai ya ƙarasa karantawa ba.

Ita kuwa "unluckily" tana nan da ma'anar rashin sa'a tsagwaronsa, irin ɗan wasa ya buga ƙwallo ta daki turke ta dawo. Ƙarewar leshi ba tsautsayi ba ne, ciniki aka yi. Saboda haka ki rubuta: "Unfortunately, the blue lace is sold out." Ki sa ta a farkon jimla, waƙafi ya biyo baya, kuma kada ki yar da "e" ɗin da ke zuwa kafin "ly", don nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Nan take ki tura hoton kalar da ta rage, kada ki bar kwastomar da ayya kawai.

Inda nake so ki kula shi ne ranar da laifin naki ne. Mace ta biya kuɗin ruwan hoda, kin sa mata ruwan toka a mota har Legas. Idan kika fara da "unfortunately" a nan, kin ɗora wa ƙaddara abin da hannunki ya yi, kuma za ta gane. Kalmar ba ta ɗauke da "na yi kuskure". Ki ce "I am sorry, I sent the wrong colour", sannan ki faɗa mata wa zai biya kuɗin dawo da kayan. Ni a ganina ke ce.

Tambaya: Ina shirin jarrabawar WAEC, kuɗin ƙamus ɗaya gare ni. In sayi na Turanci zuwa Hausa ko na Turanci zalla? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, sayi na Turanci zalla. Na Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, aiki ne mai kyau, kuma mai fassara ba ya rasa shi a kusa. Amma kai abin da kake buƙata shi ne ka ga kalma a cikin jimla, ka san inda ake ajiye ta. Wannan shi ne aikin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya tsara musamman don masu koyon Turanci. Sai dai jabunsa ya cika kasuwa. Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe tsakiyar littafin a gaban mai shago ka duba ƙananan haruffan misalai. In tawadar ta dishe, ko rubutun bayan shafi yana lekowa ta takardar, mayar masa da abinsa.