Amsar Tambayar Ƙanwata: Gadon da Ake Rabawa da Wanda Ake Riƙewa

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanwata, na ji saƙonki tun da azahar, ina kasuwa ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce an ba yaronki aiki a makaranta ya kawo ma'anar kalmar heritage da Hausa, kika ce masa gado, shi kuma ya ce ai ba wanda ya mutu. To, daga ke har shi ba wanda ya yi kuskure. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Kalmar dai gado ce. Amma a ja farkonta, gaado, kada ya haɗa da gadon kwanciya, don a rubuce kamarsu ɗaya. Abin da ya rikita shi, Bature ya raba abin gida biyu. Dukiyar mamaci, gona da gida da shanu, yana da wata kalmar daban da yake kiranta. Ita ce malamai ke cewa mirasi, wadda Allah da kansa ya yanka rabonta a Suratun Nisa'i, har matar mamaci ta ɗauki tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya. Wancan gadon ana kasa shi, kowa ya kwashi nasa. Heritage kuwa gadon da ba ya rabuwa ne. Harshe, sana'a, gini, biki, har hali. Mu Hausawa duka biyun kalma ɗaya muka ba su, sai dai maganar ta nuna wanda ake nufi.

Ki saurari yadda muke magana kullum. In aka ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ai ba fatan mutuwa ake wa uban ba, yana nan zaune a zaure ana faɗa yana jin daɗi. A ce wance ta gaji uwarta wajen haƙuri. A ce ciwon gado, kamar sikila. Ga Magaji da Magajiya, duk daga nan suka fito. Wadda ta fi taɓa ni kuwa ita ce in dattijo ya dubi ɗansa ya ce, roƙo ba gadonmu ba ne. Kin ga a nan babu ko sisi a maganar, amma ya gaya masa ko shi wane ne, da abin da gidansu bai san shi ba.

Inda kalmar ta fi nauyi a wurinmu shi ne sana'a. Ƙira, fawa, wanzanci, jima, dukanci, rini, su, wato kamun kifi. A nan ne ake bambanta ɗan gado da ɗan haye. Ɗan haye zai iya ƙwarewa, wani lokaci har ya fi ɗan gida hannu, amma ranar da za a naɗa Sarkin Ƙira ko Sarkin Aska, sai an tambayi gidan da mutum ya fito. Ɗan maƙera tun yana rarrafe yake jin ƙarar zugazugi, bai san ranar da ya fara koyo ba. Wannan shi ne ainihin abin da kalmar nan ta Bature ke nufi, abin da ka buɗe ido ka tarar ana yi, aka miƙa maka, ake sa ran kai ma za ka miƙa.

Sai kuma yadda ake amfani da ita a labarai. Hukumar UNESCO, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, tana da yarjejeniya tun 1972 ta kare wuraren da ta ce gadon duniya ne baki ɗaya. A Najeriya an sa Sukur da ke Adamawa a 1999, sai kurmin Osun na Osogbo a 2005. A Nijar an sa tsohon garin Agadas a 2013, mai masallacin nan na ƙasa da hasumiyarsa ta kai mita 27. Akwai kuma jerin abubuwan da ba a taɓa su da hannu, a ciki aka sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, da hawan Sallar Kano a 2024.

Sau da yawa a rediyo za ki ji an fassara da wuraren tarihi ko kayan tarihi. Ba laifi, ana ganewa, amma ni dai gaskiya raina bai kwanta da ita ba. Tarihi labarin abin da ya wuce ne, kayan tarihi kuma a gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano ake ajiye su a je a kalla. Gado kuwa sai da magaji. Masallacin Agadas yana tsaye ne don har yau ana yi masa yaɓe. Hawan Daushe yana nan ne don har yau akwai masu ɗinka kayan doki da masu busa algaita. Ku je marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa tun 1498 take. Karofin da marini ke zuba baba da toka yana tsoma zane, wannan gado ne. Wanda ya bushe ya cika da shara a gefensa, shi kam ya koma tarihi. Wallahi duk sanda na bi ta gefen ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, na ga inda ta zube, sai in ji abu ya tokare min ƙirji.

Saboda haka ƙanwata, ya rubuta haka: abin da al'umma ta gada daga kakanninta, na al'ada da sana'a da harshe da gine-gine, take riƙe da shi don na baya. Misali kuma kada ya je nesa, ya tambayi Hajiya tsohuwa wa ya koya mata kaɗi da saƙar faifai, ya rubuta abin da ta ce. In Allah ya kai mu Asabar ki turo min shi da safe, in kai shi Ƙofar Mata ya ga karofi da idonsa. A gaida yara, sai da safe.