Tambaya da Amsa: Ƙasar da bishiyar meful ke so

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa meful mai zaƙi, wadda ake tatsar ruwanta a dafa ya yi kauri kamar zuma a Kanada da arewa maso gabashin Amurka, tana bushewa a wasu dazuzzuka alhali itatuwan da ke kusa da ita lafiyarsu ƙalau. Me ya jawo haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi daga ƙasa ne. Meful itaciya ce mai tsirfa. Tana son ƙasa mai zurfi, wadda yashi da laka suka gauraya, mai riƙe damshi amma ruwa ba ya kwanciya. Ta fi yin kyau idan awon tsamin ƙasa, wato pH, yana tsakanin 5.5 da 7.3. Abin da ba ta haƙuri da rashinsa shi ne sinadarin kalsiyam da magnesiyam.

Shekara da shekaru hayaƙin masana'antu yana sa ana ruwan sama mai asid, wanda ya wanke kalsiyam daga ƙasa. Idan ƙasa ta yi tsami, sai alminiyam ya narke, ya lalata ƙananan saiwoyi. Daga ƙololuwa ake fara ganewa: rassan sama su bushe, ganye ya ƙanƙance, ya canza launi tun lokacinsa bai yi ba. Fari ko tsutsar da ke cin ganye su ne ke ƙarasa ta. Ita kuwa bishiyar bic, abokiyar zamanta, ta fi jure tsami, sai ta mamaye wurin.

An gwada magani. A 1999, a dajin bincike na Hubbard Brook da ke jihar Niyu Hamsha ta Amurka, an watsa ma'adini mai kalsiyam daga jirgi mai saukar ungulu, kuma meful ta farfaɗo, tsironta ya ƙaru. Sai dai kada a zuba farar ƙasa da ka. A fara ɗibar ƙasa daga wurare da dama, a kai ta awo.

Tambaya: Idan babu kayan awo, ta yaya za a gane ƙasa mai kyau?

Amsa: Malama, duba ƙarƙashin itatuwa a watan Afrilu ko Mayu, bayan dusar ƙanƙara ta narke, kafin ganye ya rufe sama. A 'yan makonnin nan ne ƙananan tsirrai ke samun rana, su yi fure, su ɓace. Inda aka ga albasar daji ta shimfiɗu, ga citta ta daji, ga itatuwan ash da baswud a cikin meful, ƙasar tana da kalsiyam. Inda itatuwan bic da hemlok suka rinjaya, ƙasa kuma kusan fayau, tsami ya yi yawa.

Sannan a sa hannu a ɗaga busasshen ganye. Daji mai lafiya yana da katifar ruɓaɓɓen ganye mai laushi, a cikinta irin meful ke tsira, tun sanyi bai gama sakin ƙasa ba. Idan aka tarar da ƙasa tsirara da 'yan dunƙulen kashin tana, wato tsutsar ƙasa, to baƙuwa ta shigo dajin. Abin mamaki, a da waɗannan dazuzzukan na arewa ba su da tana, tun bayan zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe yankin dubban shekaru da suka wuce. Daga Turai aka kawo ta, masu kamun kifi da ke sa ta a ƙugiya kuma suna zubar da ragowarta a bakin tafki. A jihar Minesota ta Amurka, tana ta cinye katifar ganyen a wurare da yawa. Ɗan tsiron da ya tsira kuma, barewa ta kiwace shi.