Amsa: Yarona ɗan shekara 3 ba ya son cin abinci

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce da yaron ya hango kwano sai ya kau da kai, kina neman dabarar da za ta ja hankalinsa. Ki gwada jera masa abincin da siffar dabba, da abin da ke cikin kicin ɗinki.

Dafaffen ƙwai ya fi sauƙi. Ki raba shi biyu, ki kifa rabi a faranti, ki soka masa siraran karas biyu a matsayin kunnuwa, ga zomo. Ni dai kunkuru ya fi burge ni: ki danna shinkafa da wake a ƙaramin kofi, ki juye, shi ne bayansa, soyayyen dankali ya zama kai da ƙafafu. Alale ma na yin kifi, yankan kokwamba ya zama ɓawon jikinsa.

A nan kuma za ki iya haɗa masa da ɗan karatu. Kafin loma ki tambaye shi, kunkuru ƙafa nawa gare shi? Ku ƙirga tare, ya cinye ɗaya, ku sake ƙirgawa, saura 3. Ya kwaikwayi carar zakara ko kukan tunkiya. In ya fara gajiya, ki jawo tatsuniyar Gizo, ai yara ba sa ƙin ta.

Amma don Allah kada ki yi idanun dabbar da ƙwayar gyaɗa ko inabi sukutum, suna iya shaƙe yaron da bai kai shekara 5 ba. Karas ɗin ma a dafa shi ya yi laushi. In kuma kin ga yana ramewa, ki kai shi asibiti a duba shi.